Yara 35 A Aji Ɗaya: Yaushe Alkawarin Zai Iso Rumde?

A cikin littafin Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun shekarar 2004, Gwamnatin Tarayya ta rubuta ƙarara cewa a makarantar firamare malami ɗaya zai riƙe yara 35, don koyarwa da koyo su yi armashi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da yin wannan rubutu. Amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin garin Jimeta, musamman a unguwanni masu cunkoso irin su Rumde, ya san maganar ta tsaya a takarda. Benci na mutum uku yakan ɗauki biyar, waɗanda ba su sami benci ba su zauna a ƙasa, malami kuwa ya tsaya a ɗan filin da ya rage gaban allo, ba shi da hanyar ratsawa zuwa bayan aji.

Ba shakka rage yawan yara a aji manufa ce mai kyau, kuma wajibi ne gwamnati ta cika ta. Sai dai akwai hanyar da za a bi a ci riba, akwai kuma wadda za a bi a kashe kuɗi a banza. Tarihin ƙasar nan da na wasu ƙasashe ya nuna duka biyun. Hanyar riba ita ce a fara da ƙananan azuzuwa, watau aji ɗaya zuwa uku, a unguwannin da cunkoso ya fi tsanani, a kuma tabbata kowane ɗaki da aka gina yana da ƙwararren malami tsaye a cikinsa kullum.

YADDA AKA KAI GA HAKA

Cunkoson azuzuwa ba jiya ya fara ba. A watan Satumba na 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da U.P.E. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a wannan shekara, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Ɗakuna suka kasa, malamai suka kasa. Aka yi karatu a gindin itatuwa da rumfunan zana, aka ɗauki malaman wucin gadi waɗanda ba su sami horo ba, aka kuma gajarta wa wasu horon a kwalejojin malamai don a cike gurbi da sauri. Niyyar shirin ta alheri ce, ya kuma buɗe wa miliyoyin 'ya'yan talakawa ƙofa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan shekara ta 1976 ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta. Ma'aikatu da ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo Jimeta, wadda dā ma tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Binuwai. Unguwanni irin su Rumde da Limawa da Gwadabawa da Luggere suka cika suka batse. A 1991 aka raba Gongola, Adamawa ta tsaya da ƙafarta, Jimeta ta ci gaba da haɓaka. Filayen makarantu kuwa ba su ƙaru daidai da ƙaruwar jama'a ba.

Bugu da ƙari, riƙon makarantun firamare ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Bayan komawa mulkin farar hula a 1979, nauyin ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin watanni ba albashi a jihohi da dama. A 1988 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin firamare, a 1991 aka rushe ta, a 1993 aka maido ta. A 1999 Obasanjo, wannan karo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, ya ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004.

Sa'an nan ga abin da ya faɗo wa Adamawa ita kanta. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, bayan sun riga sun mamaye Madagali da Michika. Dubban jama'a suka gudo Yola da Jimeta. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, amma mafi yawan masu gudun hijira a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka, cikin unguwanni. Wasu sun koma gida da ƙura ta lafa, wasu kuwa sun zauna ke nan, 'ya'yansu suka shiga makarantun da suka tarar. Haka kuma unguwannin da ke kusa da kogi suna fama da ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 sa'ad da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ga kuma damina mai ƙarfi. A irin wannan hali makarantar firamare ita ce mafakar farko ta waɗanda ruwa ya kora, sai karatu ya tsaya, ko a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya.

A 2019 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi shelar ilmi kyauta a makarantun gwamnatin jihar. Abin yabo ne. Sai dai kowa ya san in aka cire kuɗin makaranta yara za su ƙaru, ƙaruwarsu kuwa ɗakuna da malamai take nema.

ABIN DA CUNKOSO KE CI

Mai karatu ya yi ɗan lissafi da kansa. Darasi ɗaya a firamare yakan ɗauki kamar minti 35. A ajin yara 35, in malami ya raba lokacin daidai, kowane yaro zai sami minti ɗaya. A ajin yara 100, rabon kowa daƙiƙa 21 ne, wannan ma in ba a kira suna ba, ba a raba faɗa ba, ba a yi rubutu a allo ba. In malamin ya ba da aikin lissafi, ya ce zai duba kowane littafi cikin minti biyu, littafi 100 zai ci masa fiye da awa uku, a darasi ɗaya kaɗai. Ba mai iya wannan kullum. Saboda haka sai a daina ba da aiki, ko a ba da amma ba a dubawa.

Abin da ya rage wa malami shi ne ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya. Wanda ke wucewa a waje zai ce karatu ya kankama. Amma a cikin wannan amo yaro yana iya shekara uku yana motsa baki tare da jama'a, bai san bambancin "b" da "d" ba, kuma ba wanda ya lura. Yaron da idonsa ba ya gani sosai, da wanda kunnensa ke da nauyi, da yarinya mai kunya da ba ta ɗaga hannu, su ne na farko da ke ɓacewa. Da bulala kaɗai ake iya riƙe irin wannan taro, bulala kuwa tsoro take koyarwa.

A Rumde akwai ƙarin nauyi na harshe. Jimeta gari ne da ya tara kowa. A aji guda za a sami yaron da ya taso da Fulatanci, da mai Hausa, da Bata, da Kilba, da Margi, da ɗan ƙabilar Ibo wanda iyayensa ke kasuwanci. Manufar Ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin, kafin a juya Turanci. Ko da wane harshe aka zaɓa, dole wasu yaran su shigo aji ɗaya ba su jin abin da malami ke faɗa. Irin waɗannan suna bukatar a tsuguna kusa da su, a maimaita musu, a ji bakinsu. Ajin da ya cika maƙil ba ya ba da wannan dama.

Ga kuma maganar lafiya. A watannin Maris da Afirilu zafin Yola yakan haura digiri 40. A tara yara masu yawa ƙarƙashin rufin kwano, a ɗakin da ba silin, iska ba ta ratsawa, a daidai lokacin da sanƙarau da ƙyanda suka fi yaɗuwa. Likita ba ya bukatar dogon bayani a kan hatsarin wannan.

Daga ƙarshe uba yakan duba ɗansa, ya ga ya kai aji biyar ba ya iya karanta wasiƙa. Mai hali ya cire shi ya kai makarantar kuɗi. Marar hali ya ce gara yaron ya bi shi kasuwa ko bakin kogi, yarinya kuwa a ɗora mata talla. Ta haka cunkoson aji ke ƙara yawan yaran da ba su zuwa makaranta, waɗanda Hukumar UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta su da fiye da miliyan 10 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

DARASI DAGA WASU WURARE

Akwai masu cewa yawan yara ba shi ne matsala ba, in malami gwani ne zai iya da kowane taro. Akwai kuma masu ganin da zarar an rage yawan, shi ke nan an gama. Abin da ya faru a wasu ƙasashe bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ɗungurungum ba.

A Jihar Tenesi ta Amurka an yi wani babban gwaji daga 1985 zuwa 1989, a makarantu 79. Aka raba ƙananan yara ta hanyar ƙuri'a, wasu a azuzuwa masu yara 13 zuwa 17, wasu a masu 22 zuwa 25, aka bi su shekara huɗu. Yaran ƙananan azuzuwa suka fi sauran a karatu da lissafi, kuma waɗanda suka fi amfana su ne 'ya'yan talakawa da na baƙar fata. Wannan gwaji shi ne hujja mafi ƙarfi da masu neman rage yawan yara suke kafawa, kuma ya nuna shekarun farko ne suka fi muhimmanci.

Ganin haka, Jihar Kalifoniya ta yi tsalle ɗaya a 1996, ta ce ƙananan azuzuwa su sauko daga kusan 30 zuwa 20 a duk faɗin jihar. Nan take aka bukaci dubban sababbin malamai. Da ƙwararru suka ƙare, sai aka ɗauki waɗanda ba su da cikakkiyar takardar koyarwa. Tsofaffin malamai kuma suka bar makarantun talakawa suka koma unguwannin masu hali inda gurabe suka buɗe. Aka mai da ɗakunan karatu da na wasanni azuzuwa. An kashe fiye da dala biliyan ɗaya a kowace shekara, amma ribar ba ta kai yadda aka yi zato ba, kuma yaran da aka fi nufin taimaka wa su ne suka ƙare da malamai marasa horo. Wanda ya ga U.P.E. a 1976 ba zai yi mamakin wannan labari ba.

Misalin da ya fi kama da na Jimeta shi ne na Kenya. A 2003 gwamnatin Mwai Kibaki ta soke kuɗin makarantar firamare, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru. Daga 2005 wasu masana, cikinsu har da Esther Duflo da Michael Kremer waɗanda daga baya suka sami lambar Nobel a 2019, suka yi gwaji a yammacin ƙasar. Aka ba makarantu ƙarin malami na kwantaragi, aji ɗaya ya sauko daga kimanin yara 82 zuwa 44. Yaran da suka faɗa hannun sababbin malaman sun ci gaba. Amma waɗanda suka zauna wurin tsofaffin malaman gwamnati ba su nuna wani canji na a zo a gani ba, ko da yake ajinsu ya ragu da kusan rabi, domin wasu malaman sun sassauta zuwa aji da suka ga an sami mataimaki. A makarantun da aka horar da kwamitin iyaye su sa ido, wannan sakaci ya ragu. Darasin a fili yake: ɗaki da ƙidaya ba su koyarwa, sai malamin ya zo, kuma sai akwai mai lura da zuwansa.

Ingila kuwa doka ta yi a 1998, wadda ta hana ajin yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai ya wuce 30 ga malami ɗaya. Faransa ta fara a 2017 da raba aji ɗaya na makarantun unguwannin talakawa, ya koma yara kamar 12. Ƙasashe ne masu arziki, amma duk da haka ba su ce za su gyara kowane aji a lokaci ɗaya ba. Da ƙananan yara suka fara, Faransa kuma ta fara da inda talauci ya fi yawa.

A gida ma akwai abin koyi. Sa'ad da Alhaji Lateef Jakande ya hau mulkin Jihar Legas a 1979, makarantu suna karatu ne kashi-kashi, wasu yara da safe, wasu da rana. Ya yi alkawarin soke wannan tsari, ya gina dubban ɗakuna masu sauƙin kuɗi cikin ɗan lokaci. 'Yan adawa sun yi ta yi wa gine-ginen ba'a, suna kamanta su da akurkin kaji, amma yara sun koma karatun safe gaba ɗaya. Wannan ya nuna in gwamna ya sa abu a gaba, ya sa masa rana, ana iyawa.

INDA GIZO KE SAƘA

Me ya sa adadin 35 ya kasa sauka daga takarda? Dalili na farko shi ne manufa ce kawai, ba doka ba. Dokar U.B.E. ta 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu bayan haka. Amma ba jami'in da za a tuhuma don ya tara yara ɗari a ɗaki ɗaya. An ɗaure uba da igiyar doka, an bar hukuma da ganin dama.

Na biyu, ana ruɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Yawan yara ga kowane malami daban, yawan yara a cikin aji daban. Ofis yakan tara sunayen malamai duka da ke takardar albashi, har da hedimasta, da wanda ke hutun haihuwa, da wanda ya tafi ƙaro ilmi, da wanda aka ɗauke zuwa ofis, a raba da yawan yara, a sami adadi mai daɗin ji. A cikin gari sau da yawa malamai ba su yi ƙaranci ainun ba, ɗakuna ne babu, sai ka tarar malamai biyu ko uku suna karɓa-karɓa a ɗaki ɗaya mai cunkoso. A ƙauye kuwa ga ɗaki, ba malami. Matsakaicin adadi na jiha yana ɓoye duka biyun.

Na uku shi ne kuɗi da yadda aka raba nauyi. Doka ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga Hukumar UBEC, kuma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kaso daidai da shi. Shekara da shekaru hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira suna kwance domin jihohi da dama ba su ajiye nasu ba. Albashin malaman firamare kuwa daga rabon ƙananan hukumomi ake cire shi. Saboda haka mai gina ɗaki daban, mai biyan malami daban. Gini yana da farin jini, ana ba da kwangilarsa, ana yanka masa kintinkiri. Albashin malami kuwa nauyi ne na kowane wata har ya yi ritaya. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa tilas a zauna a fayyace wanda zai lamunci wannan albashi, don kada a koma gidan jiya.

Na huɗu, mafi yawan masu tsara manufa da masu sa hannu a kasafin kuɗi 'ya'yansu ba su cikin waɗannan azuzuwa. Wanda bai ji zafin abu a jikinsa ba, ba ya gaggawar neman maganinsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A ɗauka akwai makaranta mai yara 2,100 da ɗakuna 20. Kowane ɗaki yara 105 ke nan. Kafin a kai 35 ana bukatar ɗakuna 60, watau ƙarin 40, kowanne da malaminsa. Wannan makaranta ɗaya ke nan. Wanda ya ce zai yi haka a duk jihar cikin shekara ɗaya, ko dai bai yi lissafi ba, ko yana neman ƙuri'a ne. Amma girman aiki ba hujjar naɗe hannu ba ce. Ga matakan da ke cikin ikon Gwamnatin Adamawa da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jihar da Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa.

Da farko a ƙirga. A shiga kowace makarantar gwamnati a Rumde da sauran mazaɓun Jimeta, a ƙirga kawunan yara ɗaki ɗaki, a ranar karatu, ba tare da sanarwa ba. A ƙirga malaman da aka tarar tsaye a aji, da ɗakunan da ke da rufi da ƙofa. A liƙa sakamakon a ƙofar makaranta inda kowane uba zai gani, a kuma maimaita kowace shekara. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma in babu shi duk wani alkawari harbi ne cikin duhu.

Na biyu, a fara da aji ɗaya zuwa uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya karatu da ƙidaya kafin aji huɗu zai iya taimakon kansa ko da a babban aji ne, wanda bai iya ba kuwa ya yi asarar sauran shekarun. A sa matakai da ranaku: kada ƙaramin aji ya wuce 60 a shekarar farko, 50 a ta biyu, har a sauko 35. Majalisar Dokokin Jihar ta mai da wannan doka, ta wajabta wa Kwamishinan Ilmi ya zo gabanta kowace shekara ya faɗi inda aka kwana. A kuma daina al'adar tura malami mafi rauni zuwa aji ɗaya, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawa. Aji ɗaya shi ya fi bukatar gwani.

Na uku, a nemo malami kafin a buɗe ɗaki. Adamawa ba ta rasa masu takardar N.C.E. ba, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a nan Yola, ga ta jiha a Hong, suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. A ɗauke su ta hanyar jarrabawa a fili, ba ta takardar ɗan siyasa ba. Abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka kasa cin jarrabawar da gwamnatin jihar ta shirya musu a kan darussan aji huɗu, ya isa gargaɗi game da ɗaukar malami ba tantancewa, duk da gardamar da aka yi a kan yadda aka gudanar da ita. Wanda aka ɗauka kuma a biya shi a kan lokaci, a ba shi ƙarin girmansa. Malamin da ke bin bashin albashi hankalinsa yana wurin mai shago.

Na huɗu, fili. Rumde unguwa ce matsattsiya, ba a samun sabon fili da sauƙi. Inda ba za a iya faɗaɗawa ba, a hau sama, a gina bene mai inganci, a ɗaga harsashi saboda ruwa. A kewaye filayen makarantu, a yi musu takarda, a hana kowa yanka su don shago ko gida. A tanadi wani wurin saukar da waɗanda ambaliya ta kora, don kada a riƙa rufe makaranta duk shekarar da kogi ya cika. Sababbin unguwannin da ke tsirowa a gefen gari kuwa, a ware musu filin makaranta tun kafin a raba fuloti.

Na biyar, kafin gine-gine su samu, ana iya raba ƙananan azuzuwa kashi biyu, na safe da na hantsi zuwa azahar, kowane kashi da malaminsa. Awa uku a ajin yara 50 ta fi awa biyar a ajin yara 100 amfani. Amma wannan tsari yana da illa, shi ya sa Legas ta yi ƙoƙarin rabuwa da shi. Yana rage lokacin karatu, ga zafin rana, kuma yana iya cin karo da makarantun Islamiyya da na allo da yara da yawa ke zuwa da yamma. Saboda haka sai an zauna da iyaye da malaman addini da masu unguwa an tsara lokaci, kuma a sa masa ranar ƙarewa tun daga farko, don kada na wucin gadi ya zama na dindindin.

Akwai hanya ɗaya da bai kamata a bi ba ko kusa, ita ce a rage yawan yara ta hanyar rufe rajista, ko a ƙirƙiro wasu kuɗaɗe da za su kori 'ya'yan marasa hali. Wannan zai gyara adadi a takarda, ya ƙara yara a titi. Da zaman gida gara aji mai cunkoso, amma bai kamata a tilasta wa talaka zaɓi tsakanin waɗannan biyun ba.

Iyaye ma suna da nasu rabo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta su san aikinsu ya wuce karɓar kuɗi da shirya bikin ƙarshen shekara. Su riƙa leƙa aji, su san malamin da ke zuwa da wanda ba ya zuwa. Uba ya tambayi ɗansa su nawa ne a ajinsu, ya buɗe littafinsa ya ga rabon da a duba shi da jan biro. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, kansila ne ko ɗan majalisa, a tambaye shi ɗaki nawa da malami nawa zai kawo wa makarantar unguwa, kuma a wace shekara.

Gwamnati ce da kanta ta rubuta 35, ba wanda ya tilasta ta. Yaran da suka shiga aji ɗaya a 2004, shekarar da aka yi rubutun, yau da yawansu sun zama iyaye, 'ya'yansu suna shirin zama a ɗakunan da suka bari. Alkawari kaya ne. Ya kamata Gwamnatin Adamawa ta fara sauke shi daga aji ɗaya na makarantun Rumde da maƙwabtanta, ta faɗa wa jama'a ranar da za ta fara da ranar da za ta gama. Allah ya ba shugabanni ikon cikawa.